Na Sa Ƙanwata Ta Buga Ƙwallo Da Sunan Aro

A shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a unguwar Koki, kuma dillaliya. Ba gadon sana'ar na yi ba. Da zanen wata maƙwabciyata guda ɗaya na fara, ta ce in sayar mata kada kowa ya ji, na naɗe shi a cikin mayafina na kai Shahuci na dawo mata da murmushi. Kafin shekara uku babu gidan da ba na shiga daga Koki har Gwammaja, ɗauke da ƙunshin atamfa da leshi da kwanuka, wani lokaci da sarƙar gwal ƙulle a bakin zani. Edita, ina so masu karatu su fahimci wani abu game da sana'armu, domin daga nan ɓarnar ta fito. Dillaliya ba ta faɗin mai kaya. Macen da ta shiga matsi ta fito da kayan ɗakinta ba ta son a san nata ne, sai ki ce na wata Hajiya ce a Fagge, ko na wata da za ta tashi daga garin. Wannan rufin shi ne jarinmu. Na ƙware a kansa har na fara ganin babu abin da ba zan iya fitarwa daga gida in kai inda ake so ba tare da an san na wane ne ba.

Ƙanwata ita ce autarmu. Mahaifiyarmu ta rasu tana 'yar shekara tara, don haka rabin rainonta a ɗakina aka yi, duk da cewa a gidan Baba take kwana, lungu ɗaya ne tsakaninmu. Baba baduku ne, mutum marar yawan magana, kullum yana zaune a soro da fata a cinya da rediyo a gefe. Ba mai duka ba ne, ba mai faɗa ba ne, amma shirunsa kaɗai ya isa ya sa ki gyara zama. Ita kuwa tun tana ƙarama duk abin da ya mulmula sai ta sa masa ƙafa, lemo ne, ƙullin tsumma ne, ko murfin kwano. Muna ta cewa za ta daina. Da ta shiga sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, sai malamar wasanninsu ta lura da ita ta ajiye ta a baya, wurin masu tare hanya kafin a kai ga gola.

Ranar da na fara ganin wasanta, wucewa na zo yi da ƙunshina na tsaya a jikin katangar makarantar. Ni ban san ƙwallo ba, amma na san mai iya sana'a idan na gan shi. Ba ta fi sauran gudu ba, ba ta fi su tsawo ba. Abin da take da shi shi ne haƙuri. Yarinya za ta taho da ƙwallo tana ta rangwaɗa, ita kuwa sai ta riƙa ja da baya a hankali, ba ta kai ƙafa ba, har sai waccan ta gaji da yaudarar ta ɗan tura ƙwallon gaba, sai kawai ki ga ta ɗauke kamar an miƙa mata. Daga baya ta gaya mini ba ƙwallon take kallo ba, ƙugun mai ƙwallon take kallo, domin ƙafa tana iya yin ƙarya amma ƙugu inda ya karkata can za a bi. Kuma yarinyar da a gida sai an yi da gaske ake jin muryarta, a fili ita ce mai tsawa, tana matso da wannan tana mayar da waccan.

Lokacin kuwa lokacin sabuwar siyasa ne. Kowane sabon zaɓaɓɓe yana son a ga sunansa a jikin kofi ko a bayan riga, gasa ta yi yawa, har mata aka sa wa tasu. Akwai wata ƙungiyar 'yan mata a bayan ganuwa, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne da baƙi, kocinsu ya ga ƙanwata a wasan makarantu ya ce lallai yana son ta. Sharaɗin rajista kaɗan ne: takardar haihuwa, hoto, da sa hannun uba. Malamar ta same ni har gida ta ce ita a shirye take ta sa hijabinta ta je ta durƙusa gaban Baba ta yi masa bayani, ta ce za a bar yarinyar ta sa dogon wando da ɗankwali, kuma ita za ta riƙa raka ta. Ƙanwata ma abin da take so ke nan. Ta ce mini ko Baba zai hana, gara ta ji daga bakinsa.

Ni ce na hana. Na ce musu na fi kowa sanin Baba, na san abin da zai ce tun kafin a buɗe baki, kuma idan ya ce a'a sau ɗaya magana ta mutu har abada. Na ce ku duba, ana karanta sunayen 'yan wasa a rediyo, ranar da aka ambaci sunanta haɗe da nasa, da wane ido zai fita masallaci? Na ce su bar mini, wannan irin aikina ne. Malamar ta dube ni ta ce yarinya ba atamfa ba ce, ta tashi ta tafi, kuma daga ranar ta cire hannunta. Na yi mata dariya a raina, na ce 'yar boko ba ta san cikin gari ba.

Akwai wata mata da nake kai wa kaya a bayan ganuwa, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, 'yan wata jiha ne, tana da 'ya sa'ar ƙanwata wadda ita ma take ɗan taɓa ƙwallo a makarantarsu. Na je na tsara ta, na ce aron takardar haihuwar 'yarta kawai nake so, ba abin da zai same ta. Ta ba ni, mijinta ya sa hannu a fom ɗin a matsayin uba ba tare da ya karanta ba. Na manna hoton ƙanwata a katin. Kocin ya juya takardar, ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ce shi ƙafa yake nema, sauran ba ruwansa. Haka ƙanwata ta shiga fili da sunan da babu wanda zai ji shi a Koki ya ɗaga kai.

Kusan shekara biyu muna haka. Duk ranar atisaye sai in biya gidan Baba in ce ta zo ta taya ni ɗaukar kaya. Takalmin ƙwallonta da rigarta suna tsakiyar ƙunshina, atamfa a ƙasa atamfa a sama. Mu fita ta ƙofar gari, ta canza kaya a gidan matar nan, in tafi yawon sana'ata in dawo in ɗauke ta kafin magariba. Idan ta ji ciwo a gwiwa, in ce a kwata ta zame. Ranar wasa a wani gari, in ce biki za mu. Ban taɓa yin tuntuɓe ba ko sau ɗaya, kuma wallahi alfahari nake yi da hakan. Ita kuwa sai ƙara gogewa take. A shekara ta biyu aka ba ta kyaftin, suka ci kofin gasar, mutane suka fara zuwa fili musamman don su ga 'yar bayan nan da ba a wuce ta.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Na shiga gaida Baba na tarar ana shirin wasanni a rediyo, ƙanwata tana tsugune bakin rijiya tana wanke-wanke. Mai gabatarwa yana ta yabon kyaftin ɗin, yana kiran sunan aron nan, yana cewa ita kaɗai ta hana 'yan gaban wata ƙungiya sakat. Baba bai ɗago daga ɗinkinsa ba, ya ce iyayen wannan yarinya sun yi dace da 'ya mai natsuwa. Na ga hannunta ya tsaya a cikin ruwan kumfa. Da muka fita ta riƙe mini mayafi a lungu ta ce in bar ta ta koma ta gaya masa yanzu. Na ce mata yaba 'yar wani daban, ganin tasa a fili daban, kada ta rushe mana abin da muka gina. Ta sake ni. Ban taɓa ganin ta yi mini musu ba, ni na raine ta.

Ana nan sai masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga hukumar ƙwallo ta ƙasa suna neman 'yan mata ƙanana da za a tara a sansani a tace waɗanda za su wakilci ƙasa. Sun zauna a rumfa sun kalli wasa biyu, suka ɗauki lambar riga, suka duba sunan da ke jikin takardar wasa, suka tafi. Bayan makonni takardar gayyata ta iso. Ba Koki ta zo ba, domin a takarda ƙanwata ba 'yar Koki ba ce. Gidan matar nan aka kai ta, da sunan 'yarta ɓaro-ɓaro, an ba da kwana goma a hallara, a zo da uba da takardar haihuwa ta asali saboda za a yi fasfo.

Da na je karɓa, matar ta ba ni tabarma ta kawo ruwa, sannan ta ce ta yi shawara da mijinta, 'yarsu ce za ta je. Na ɗauka wasa take. Ta ce suna na 'yarta ne, takarda ta 'yarta ce, sa hannu na mijinta ne, kuma ai yarinyar ma tana bugawa. Na ce amma kowa ya san wadda ta tsaya a fili. Ta ce wane ne kowa? Ta tuna mini cewa ni da bakina na roƙe ta kada ta taɓa faɗa wa wani mahaluki, kuma ta riƙe amana. A lokacin na tsane ta kamar in shaƙe ta. Yanzu da na girma ba na ganin laifinta kamar da. Uwa ce ta ga ƙofa a buɗe da sunan 'yarta a rubuce a kai, kuma ni na rubuta shi.

Na ruga wurin koci, domin katin da ke ɗauke da hoton ƙanwata yana hannunsa. Ya ce katin ya ɓata. Da na matsa, ya fito mini fili ya ce idan aka gano ya saka 'yar wasa da takardar wata, za a ƙwace kofin, a dakatar da ƙungiyar, shi kuma aikinsa ya ƙare, saboda haka shi bai san ni ba. Ko a nan ban haƙura da dabarata ba. Kwana shida na ɓata ina safa da marwa tsakanin gidan matar da gidan koci, ina lallashi, ina kai leshi mafi kyau da ke ƙunshina ana dawo mini da shi. Ƙanwata tana zaune a ɗakina ba ta ci ba ta sha, tana kallona in fita in dawo. A rana ta bakwai na sauke girman kai na je wurin malamar. Ba ta yi mini gori ba. Ta ce hanya ɗaya ta rage: uban yarinyar na gaskiya ya je ofishin masu shirya gasar da takardunta na gaskiya da wasiƙar mai unguwa.

Bayan la'asar na sami Baba a soro, na durƙusa na kwashe komai na faɗa, ƙanwata tana bayana. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye basillarsa ya dube ta.

"Ke ce ta rediyo?"

"Ni ce, Baba."

Ya ce ta ɗaga zaninta zuwa gwiwa, ya dubi tabon da na ce masa na kwata ne. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Da kin zo kin tambaye ni, wataƙila in hana, wataƙila in bari. Ni kaina ban sani ba. Ke kuma kika sani, har kika yanke hukuncin a madadina, kika ɗauki 'yata kika ba wani ya sa mata hannu."

Wannan ne kaɗai abin da ya faɗa mini a kan maganar har ya bar duniya. Washegari da sassafe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya je wurin mai unguwa da ƙafarsa, ya faɗi abin da nake cewa ba zai iya jure a ji ba, a gaban dattawan da ke zaune, ya karɓo wasiƙa. Muka hau tasi mu huɗu da malamar.

Jami'in da muka samu dattijo ne, bai wulaƙanta mu ba. Ya saurari Baba, ya buɗe littafin rajista ya bi shi shafi-shafi, ya ce babu wata 'yar wasa mai sunan ƙanwata, a wurinsu ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba. Ya ce gayyatar ba daga gare su ta fito ba, ba su da ikon canza suna a jikinta, kuma babu yadda za a aika yarinyar da ba ta da rajista. Ya ce abu biyu ne a gabanmu. Ko mu tashi mu tafi kamar ba mu zo ba, ita ta yi sabuwar rajista da sunanta badi ta fara daga farko, duk abin da ya wuce ya zama na waccan. Ko kuma ta rubuta cewa ita ce ta buga wasannin nan, shi kuma dole ya bi doka: dakatarwar shekara biyu saboda takardar bogi, a kuma karɓe kofin daga ƙungiyar.

Ni har na buɗe baki zan ce mu tafi, domin kowane ɗan kasuwa ya san wanda ya fi sauƙin asara. Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce ƙanwata ce ta sha rana a fili, ita za ta zaɓa. Ta dubi littafin nan da ke buɗe, sannan ta ce, "A ba ni biro. Ni ce na buga." Malamar ta roƙe ta ta sake tunani. Ta ce shekara biyu tana amsa sunan da ba nata ba, ba za ta iya fita daga ɗakin nan a bar shi a haka ba. Ta rubuta sunanta cikakke da na Baba, ta sa hannu, shi ma ya sa nasa da ajami a ƙasa. Wannan ita ce takarda ta farko kuma ta ƙarshe da sunanta ya hau a harkar ƙwallo, kuma takardar hukunci ce.

'Yar matar nan ta riga ta tafi sansani. Ba ta yi mako ba aka sallamo ta, ƙafarta ta tona abin da takarda ta rufe, gurbin ya tafi ga wata daga wani wuri. Aka karɓe kofin. 'Yan matan da ƙanwata ta yi wa kyaftin suka daina amsa gaisuwarta, suna cewa ta zubar musu da guminsu don son kanta, kuma ban ga yadda za a ce ba su da hujja ba. Kafin shekara biyun ta cika iska ta juya. 'Yan siyasar da ke rabon riguna sun ga ba nan ƙuri'a take ba, maganar mata a fili ta zama abin da ba a son ɗagawa a gari, ƙungiyar ta watse. Baba da kansa ya ɗauke ta a mota ya kai ta gwaji a wata ƙungiya a wata jiha. Sun ga wasanta sun yaba, da suka nemi tarihinta suka ga dalilin dakatarwar, suka ce ba sa son rigima. Da suka dawo ta ba ni takalmin ta ce in sayar. Shi ne kaya ɗaya tak da na taɓa karɓa na kasa fita da shi.

Yau ina da shaguna, ina da yara masu yi mini aiki, mata suna kawo 'ya'yansu in koya musu dabarar kasuwa, ana cewa Hajiya akwai kai. Ƙanwata kuwa tana koyarwa a firamare, tana da 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa fasa zumunci ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Idan aka sa ƙwallon mata a talabijin sai ta tashi ta shiga kicin. Ranar sadakar ukun Baba muna zaune mu biyu muna tsintar shinkafa, na tattara ƙarfin hali na ce ta yafe mini. Ba ta ɗago daga tiren ba.

"Na yafe tuntuni, Yaya. Sai dai har yanzu idan na yi mafarki ina fili, da sunan waccan ake kirana, kuma ina juyawa."

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Na ɗauka ina kare ta daga Baba, ashe kaina nake karewa daga minti goma na durƙuso da jin kunya, kuma ina jin daɗin a ce ni ce mai dabara. Ban ce Baba zai yarda ba, har gobe ban sani ba. Amma da ya hana, da ta yi kuka ta haƙura da mutuncinta da ƙawayenta, ko mu sake komawa da malamar da wani dattijo. Ni na toshe duk wannan. Ina kira ga yayye da gwaggwanni da iyaye mata irina, masu cewa bar mini na san yadda zan yi: idan yarinya tana da baiwa, a ƙwallo ne ko a karatu ko a wata sana'a, ku je ku tambayi wanda ya kamata a tambaya, ko da gabanku yana faɗuwa. Kada ku ara mata suna, kada ku ara mata shekaru, kada ku ara mata uba. Ranar da abin alherin zai zo, mai takardar zai nema, ke kuma mai dabarar kina gefe da lafiyarki, ita ce za a miƙa wa biro.